Bakin Mai Sauraro da Jikinsa: Nazarin Ra'ayoyin Masu Sauraro a kan Kiɗan Na'ura na Makaɗi Mai Zaman Kansa

Tsakure

Makaɗin da ke harhaɗa kiɗan rawa a kwamfuta, ba tare da kamfani a bayansa ba, ba shi da alƙali sai masu sauraro. Wannan maƙala ta bibiyi bincike biyar da aka wallafa tsakanin 2006 da 2022 domin auna nauyin ra'ayin da masu sauraron suke ba shi. An gano cewa jikin mai sauraro ya fi bakinsa faɗin gaskiya a kan irin wannan kiɗa.

1.0 Gabatarwa

Makaɗin kalangu a gidan biki ba ya tambayar kowa ko kiɗa ya yi daɗi. Ƙafafun 'yan rawa ne ke ba shi amsa, nan take ya gyara hannu. Mai kiɗan na'ura kuwa, irin wanda ya samo asali a Shikago da Ditroit na Amurka a shekarun 1980, galibi shi kaɗai yake aiki a ɗaki. Idan ya gama sai ya tura wa jama'a, su kuma su maido masa da kalmomi: "ya yi", "akwai sauran gyara", "gangar ba ta da nauyi". Da waɗannan zai yanke shawarar ko ya saki aikin ko ya sake zama a kansa. Tambayar ita ce, nawa ne daga cikin maganganun nan ke bayyana kiɗan da kansa?

2.0 Tsuma da Yadda Ake Auna Ta

Abin da masana kiɗa ke kira guruf, a nan za a kira shi tsuma, wato daɗin da ke sa mutum ya ji dole sai ya motsa. Petr Janata da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna a 2012 cewa mutane na yin ittifaƙi sosai wajen tantance kiɗan da ke tsuma su, kuma waƙar Superstition ta Stevie Wonder ce ta zo kan gaba a jerin da suka gwada. Ke nan tsuma ba son zuciyar mutum ɗaya ba ce, ana iya auna ta.

A 2014 Maria Witek da abokanta suka wallafa wani bincike a mujallar PLOS ONE, inda suka kunna wa mutane salon ganga 50. Abin da suka bambanta shi ne kaucen bugu, wato faɗuwar bugu a inda kunne bai zata ba. Salon da babu kauce a cikinsa bai motsa mutane sosai ba, wanda kauce ya yi wa yawa ya rikita su, matsakaici ne ya fi jawo sha'awar rawa da jin daɗi. Wannan na da amfani ga makaɗi. Idan an ce masa "kiɗan ya cika maimaici", mai yiwuwa kaucen ne ya yi kaɗan. Idan an ce "ba a gane inda ya dosa ba", wataƙila ya zarce. Mai sauraro ya ji ciwon, amma ba shi da sunan cutar.

Akwai kuma wata shawara da ake yawan ba masu kiɗan na'ura, cewa su ɗan gusar da bugu daga daidai domin ya yi kama da na hannun ɗan Adam. Ta yi daidai da ra'ayin da masanin kiɗa Charles Keil ya bayyana a 1987. Sai dai gwajin da Frühauf da Kopiez da Platz suka yi a Jamus a 2013 ya nuna masu sauraro sun fi fifita salon gangar da ya faɗi daidai cif.

3.0 Abin da Kunne Bai Ji Ba

A nan ne hujja ta fi ƙarfi. A 2022 Daniel Cameron da abokansa suka wallafa a mujallar Current Biology gwajin da suka yi a ɗakin LIVELab na Jami'ar McMaster a Kanada, yayin wasan Orphx, wasu makaɗan na'ura su biyu. An ɗaura wa mahalarta na'urar auna motsi a kai. An kuma ajiye lasifikoki masu fitar da amo mai kaurin gaske, tsakanin Hz 8 da 37, ana kunna su ana kashewa duk bayan minti biyu da rabi. Lokacin da suke kunne, motsin 'yan rawa ya ƙaru da kashi 11.8 cikin ɗari a matsakaici. Gwaji na biyu ya nuna mutane ba sa iya tantance ko amon na nan ko babu.

A lura da abin da wannan ke nufi. Da an tsayar da ɗaya daga cikin 'yan rawan an tambaye shi me ya ƙara masa kuzari, da ba zai ambaci amon ba, domin bai san da shi ba. Jikinsa ya amsa, bakinsa bai samu labari ba. To ina ga wanda ya saurari kiɗan ta ƙaramar lasifikar waya, wadda ba ta iya fitar da amo mai kauri ko kusa? Shi wani kiɗa daban ya ji. Abin takaici ne matashi ya kwana yana saita ginshiƙin kiɗansa, wato amonsa mai kauri, sannan ya rushe shi saboda hukuncin wanda ginshiƙin bai ma isa kunnensa ba.

4.0 Tasirin Jama'a

Salganik da Dodds da Watts sun wallafa a mujallar Science a 2006 gwajin da ya ƙunshi mutum 14,341 da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. An bar wasu su zaɓa da kunnensu kawai, wasu kuma aka raba su rukuni takwas, kowane rukuni na ganin yawan waɗanda suka riga su sauke kowace waƙa. Inda ake ganin zaɓin wasu, tazara tsakanin waƙoƙi ta ƙaru, kuma waƙa ɗaya kan yi fice a wannan rukuni ta faɗi a wancan. Mafi kyau ba safai suka faɗi ba, mafi muni ba safai suka ɗaukaka ba, amma na tsakiya sa'a ce ta raba musu matsayi. Makaɗi mai zaman kansa, wanda masu sauraronsa na farko 'yan uwa ne da abokai, ya fi kowa shiga wannan tarko.

5.0 Shawara

Wannan maƙala ba ta ce a watsar da maganar mai sauraro ba. Ta ce a tace ta. A fara tambayarsa da wace na'ura ya saurara, a tambaye shi kafin ya ji ra'ayin kowa, a kuma nemi ya nuna daidai wurin da hankalinsa ya kau maimakon ya ba da magani. Wanda ke son sanin ko kiɗansa na tsuma, ya kai shi wurin da ake da manyan lasifikoki, ya kunna a gaban waɗanda ba su san shi ne mai shi ba, ya koma gefe ya kalli ƙafafunsu.