Mallakar Iri a Kiwon Kifi da Jatan Lande: Nazarin Tasirin Bincike a Ƙasashe Masu Tasowa na Yankin Zafi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin rawar da binciken kimiyya ya taka wajen bunƙasar kiwon kifi da jatan lande a ƙasashe masu tasowa na yankin zafi. An ɗauki misalai uku: inganta karfasa a Filifin, kiwon jatan lande a Asiya da Ekwado, da ƙyanƙyasar tarwaɗa a Afirka. Nazarin ya nuna cewa abin da ya raba ƙasashen da suka yi nisa da waɗanda suka tsaya cik shi ne mallakar iri, wato iya sa dabbar ta hayayyafa a hannun mai kiwo, da zaɓen iyaye na tsawon shekaru, da tsare su daga cuta. Maƙalar ta kuma nuna cewa tarwaɗar Afirka ta haye matakin farko ne kawai daga cikin waɗannan matakai uku.

1.0 Gabatarwa

Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an samar da tan miliyan 94.4 na dabbobin ruwa ta hanyar kiwo, yayin da masunta suka kamo tan miliyan 91. Wannan ne karo na farko da kiwo ya zarce kamu. Sai dai rabon bai zo daidai ba. Idan aka haɗa da ciyawar teku, Asiya ce ke da kashi 91.4 cikin 100 na abin da ake kiwatawa, Afirka kuwa kashi 1.9.

Ba za a ce Afirka ba ta gwada ba. Tun a shekarun 1940 da 1950 gwamnatocin mulkin mallaka suka sa aka haƙa dubban tafkunan kifi, musamman a Kwango ta Beljiyam, kuma a wannan zamanin ne aka kafa gonar kifi ta Panyam a Filato. Mafi yawan tafkunan ƙauyuka an watsar da su daga baya. Karfasar da aka zuba a ciki takan fara haihuwa tun tana ƙarama, tafki ya cika da 'ya'ya, abinci ya gaza, ranar kwashewa manomi ya tarar da tarin kifin da bai kai tafin hannu ba. Ruwa akwai, ƙasa akwai, ma'aikata akwai. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: wane irin bincike ne ya cike giɓin a wasu wurare, kuma me ya sa bai cike shi a ko'ina ba?

1.1 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanta tarihi. An duba rahotannin FAO, da na cibiyar WorldFish, da bitar da Bankin Raya Asiya ya yi wa aikin karfasa, da sakamakon gwaje-gwajen da masana suka wallafa. A kowane misali an tambayi abu uku: daga ina iri ke fitowa, wa ke zaɓen iyaye, kuma me ya faru da cuta ta ɓulla.

2.0 Sa Kifi Ya Yi Ƙwai

Yawancin kifayen kogi ba sa zubar da ƙwai a tafki, domin ambaliyar damina ce ke motsa su. Kafin a gano dabara, masu kiwon kifin da ake kira kaf a Indiya da Sin sukan tare bakin kogi da ƙananan taruna su kwashi 'ya'yan da ruwa ya kawo, gauraye da na kifaye masu cin 'yan'uwansu. A shekarun 1930 Rodolpho von Ihering da abokan aikinsa a Brazil suka nuna cewa idan aka niƙa wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi aka yi wa mace allurarsa, za ta saki ƙwai. Hiralal Chaudhuri ya yi nasarar wannan a kan kaf ɗin Indiya ranar 10 ga Yuli, 1957, ranar da har yau Indiya ke bikin masu kiwon kifi a cikinta. Masanan Sin suka cim ma haka a 1958. Biyetnam ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Jami'ar Can Tho da masanan Faransa suka ƙyanƙyashe kifin fangasiyus, wanda a da ake kwasar 'ya'yansa daga kogin Mekong. Cikin shekaru goma sha kaɗan abin da ƙasar ke samarwa ya haura tan miliyan 1.

3.0 Karfasar GIFT

Karfasar Nilu 'yar Afirka ce, amma a Asiya ta zama sana'a. Kafin ƙarshen shekarun 1980 masu kiwo a Filifin suna kukan cewa kifinsu ya daina girma. Dalili a fili yake: daga 'yan tsirarun iyaye aka samo duk karfasar da ke Asiya, an yi ta barbara tsakanin dangi, kuma ta gauraye da karfasar Mozambik mai saurin haihuwa da jinkirin girma.

A 1988 cibiyar ICLARM, wadda daga baya ta koma WorldFish ta kuma mayar da hedikwatarta Penang a Malesiya, ta haɗa gwiwa da hukumar kula da kifi ta Filifin, da Jami'ar Jihar Luzon ta Tsakiya, da cibiyar AKVAFORSK ta Norwe wadda ta ƙware a zaɓen irin kifin salmon. Bankin Raya Asiya da Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki nauyin wannan aiki na inganta karfasa, wanda aka sa wa suna GIFT. Aka tara iri takwas: huɗu daga ruwayen Masar, Gana, Kenya da Senegal, huɗu daga waɗanda ake kiwatawa a Asiya da ake kira irin Isra'ila, Singafo, Taiwan da Tailan.

Gwajin farko ya ba da sakamakon da ya kamata masanan Afirka su riƙe. Karfasar da aka kamo daga daji, musamman ta Masar da ta Kenya, ta yi daidai da waɗanda aka shafe shekaru ana kiwatawa a Asiya, ko ma ta fi su girma. Ta Gana ce ta zo baya. An kuma lura cewa irin da ya yi fice a tafki mai taki shi ne dai ke fice a keji da sauran wuraren gwaji, abin da ke nufin ba sai an yi wa kowane muhalli irinsa daban ba. Haɗa iri biyu don neman ƙarfin gauraye bai ba da wata riba mai yawa ba, sai aka karkata ga zaɓe.

Aikin zaɓen ba shi da wani abin burgewa ga mai kallo. Ana sa namiji da mace a ƙaramin gidan raga cikin tafki. 'Ya'yan kowane gida ana renonsu su kaɗai har su kai girman da za a maƙala musu lamba, sannan a haɗe dukkan iyalai a tafki ɗaya su ci abinci ɗaya. Bayan watanni a auna kowane kifi, a duba lambarsa, a lissafa darajarsa daga nauyinsa da na 'yan'uwansa. Waɗanda suka fi su ne iyayen zuriya ta gaba, da sharaɗin kada a haɗa dangi na kusa. Bayan zuriya biyar, lokacin da aikin ya ƙare a 1997, an ruwaito cewa saurin girma ya ƙaru da kusan kashi 85 cikin 100 idan aka gwada da iyayen farko. Bitar Bankin Raya Asiya ta nuna cewa a 2003 kashi 68 cikin 100 na 'ya'yan karfasar da ake sayarwa a Filifin, da kashi 46 a Tailan, GIFT ne ko jikokinta. Yana da kyau a faɗa a nan, saboda ruɗanin da ake yawan yi, cewa ba a taɓa ƙwayoyin gadon wannan kifi a ɗakin gwaji ba. Zaɓe ne irin wanda makiyayi ke yi wa bijimin garkensa, sai dai da lamba da ma'auni da littafin asali.

An daɗe ana ɗari-ɗarin mayar da GIFT Afirka, don tsoron kada ta tsere ta gurɓata karfasar daji, kuma wata sanarwa da aka fitar a Nairobi a 2002 ta jaddada wannan taka-tsantsan. Sai aka ɗauki hanyar maimakon kifin. Da ita aka samar da irin Abbassa a Masar da irin Akosombo a Gana, kowanne daga karfasar ƙasarsa. Masar, wadda ke samar da sama da tan miliyan 1.5 a shekara, ita kaɗai ce ƙasar Afirka cikin manyan ƙasashe goma na kiwon kifi.

4.0 Jatan Lande: Bunƙasa da Rushewa

Labarin jatan lande ya fi na karfasa kuɗi, ya kuma fi shi asara. Motosaku Fujinaga ya fara ƙyanƙyashe shi a Japan tun shekarun 1930. A 1968 I-Chiu Liao ya yi wa babban jatan lande mai zane, Penaeus monodon, haka a Taiwan. Aka kuma gano cewa idan aka datse sandar ido ɗaya ta mace, ƙwanta zai nuna da sauri, domin a nan ne sinadarin da ke danne nunar ƙwai yake fitowa. Amma wannan rabin mallaka ce. Iyayen daga teku ake kamo su kowace shekara, kuma duk cutar da ke jikinsu takan biyo su har wurin ƙyanƙyasa.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Taiwan ta kai ƙololuwa a 1987, ta rushe a 1988. Cutar farin tabo, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, ta bayyana a 1992, ta durƙusar da masu kiwo a Sin a 1993, ta ratsa Asiya, ta isa Ekwado a 1999. Cuta ce da kan share tafki cikin 'yan kwanaki, kuma jatan lande ba shi da irin garkuwar jikin da allurar rigakafi ke dogaro da ita. Manomin da tafkinsa ya mutu yakan koma sabon wuri, sau da yawa ta hanyar sare kurmin mangurob na bakin teku, wanda shi ne matattarar ƙananan kifayen da masunta ke jira.

Mafita ta zo daga Hawayi. Cibiyar Oceanic Institute ta tattara farin jatan lande na gaɓar Fasifik ta Latin Amurka, Penaeus vannamei, ta killace shi, ta yi ta gwaji tana fitar da duk mai ɗauke da sanannun cututtuka, har aka samu iyaye masu tsabta da ake hayayyafa a rufe zuriya bayan zuriya. Da aka samu haka, zaɓe ya yiwu. Daga farkon shekarun 2000 Sin, Tailan, Indunusiya da Biyetnam suka koma kansa, Indiya ta buɗe masa ƙofa a 2009. Yana jure cunkoso, yana rayuwa a ruwa mai ƙarancin gishiri, kuma abincinsa bai kai na monodon tsada ba.

Sai dai tsabta daban, juriya daban. Iri mai tsabta ba ya ɗauke da cuta, amma idan ya tarar da ita a tafki zai kamu. A 2009 wata sabuwar cuta ta ɓulla a Sin, tana kashe 'ya'ya cikin wata guda da zuba su. Ta shiga Biyetnam a 2010, Malesiya a 2011, Tailan a 2012, Meziko a 2013. An shafe shekaru huɗu ana lalube kafin ɗakin gwajin Donald Lightner a Jami'ar Arizona ya tabbatar a 2013 cewa wani nau'in bakteriyar Vibrio parahaemolyticus ne mai fitar da gubar da ke lalata gaɓar narkar da abinci. Tailan ta faɗo daga kusan tan 600,000 zuwa ƙasa da rabin haka. Ekwado ta bi wata hanya tun bayan 1999: tana ɗaukar iyaye daga waɗanda suka tsira a tafkunan da cuta ta shiga, tana kuma kiwo a manyan tafkuna ba tare da cunkoso ba. A 2022 ta fitar da sama da tan miliyan 1 zuwa ƙasashen waje. A ganin wannan maƙala, hanyar Ekwado ta fi dacewa da ƙasar da ba ta da ƙarfin killace kowane tafki, ko da yake tana buƙatar fili mai yawa.

5.0 Tarwaɗa da Matakan da Suka Rage

A Najeriya tarwaɗa, Clarias gariepinus, ce ke riƙe da sana'ar. Dabarun ƙyanƙyashe ta sun samo asali daga gwaje-gwajen masana De Kimpe da Micha a Bangi ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a farkon shekarun 1970, sannan masanan Jami'ar Wageningen ta Holan suka daidaita su. Ƙasar na da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa da ta teku a Legas, kuma a tsakiyar shekarun 2010 tana kiwon kimanin tan 300,000 a shekara. Tarwaɗa na shaƙar iska, tana jure cunkoso a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, kuma abin da bai shiga kasuwa da rai ba ana yin bandarsa.

A duba yadda ake aikin. Da yamma ake yi wa mace mai cikar ciki allura. Bayan awa 10 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a riƙe ta da tawul a matsa cikinta, ƙwai ya kwararo cikin busasshen kwano. Namiji kuwa ba ya matsuwa. Sai an yanka shi an ciro gaɓar maniyyinsa an tsattsaga a kan ƙwan. A gauraya, a zuba ruwa, a shimfiɗa a kan raga cikin tanki, kashegari 'ya'ya su ƙyanƙyashe. Mace ɗaya na ba da dubun dubatar ƙwai.

A cikin wannan sauƙin matsalar take. Tunda kowane namiji sau ɗaya ake amfani da shi, kuma mata kaɗan sun isa su cika tankuna, mai ƙyanƙyasa ba shi da dalilin ajiye iyaye masu yawa. Yakan ware waɗanda suka yi zarra cikin 'ya'yan da ya ƙyanƙyashe su zama iyayen baɗi, alhali wa da ƙanwa ne, kuma sau da yawa cin 'yan'uwansu ne ya ba su wannan girman. Ga kuma gauraye da ramboshi da ake yi ba tare da rubuta asali ba. Wannan shi ne halin da karfasar Filifin ke ciki kafin 1988. Manomi yakan ɗora laifi a kan tsadar abinci, wanda ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, kuma yana da gaskiya. Amma kifin da ke ɗaukar wata shida kafin ya kai nauyin da wani ke kaiwa a wata huɗu, buhunan abinci yake ci a cikin wata biyun nan.

Trygve Gjedrem da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2012 cewa abin da ke fitowa daga ingantaccen iri bai kai kashi 10 cikin 100 na kiwon ruwa na duniya ba, don haka tarwaɗa ba ita kaɗai aka bari a baya ba. Abin da shirin zaɓenta ke buƙata sananne ne: iyaye daga ruwaye daban-daban kamar Tafkin Chadi, Binuwai, Kainji da fadamun Haɗeja, iyalai masu yawa a kowace zuriya, lambobi, da gwajin cuta kafin a raba iri ga masu ƙyanƙyasa. Cikas ɗin yana wajen lokaci. Tarwaɗa na ɗaukar kusan shekara kafin ta isa haihuwa, zuriya biyar na nufin aƙalla shekara biyar ban da na tattara iyaye da gwada su, yayin da yawancin tallafin bincike ke ƙarewa cikin shekara uku. Aikin GIFT ya ci shekara goma kafin a rufe matakinsa na farko, kuma da tallafin ya ƙare sai da aka kafa gidauniya ta musamman a Filifin don kada iyalan su watse.