Daga rumfar kara zuwa shagon bulo a Kankiya

Kakana bai taɓa sayen rumfa ba. A zamaninsa, mai son zama a kasuwar Kankiya wajen Sarkin Kasuwa yake zuwa da ɗan goronsa, a nuna masa wuri, ya kafa itace ya lulluɓe da kara ko zana. In damina ta cinye rumfar, da kaka a sake wata. Ba takarda, shaidar maƙwabta ta isa.

Hanyar Kano zuwa Katsina ce ta sauya lissafin. Inda mota ke tsayawa, nan mai shayi da mai faci ke neman inuwa, sai masu gidajen bakin titi suka riƙa fasa bangon zaure suna fitar da ƙofar shago. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, takarda ta fara yin nauyi. Aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, maƙwabciyarmu Kusada ta samu ƙaramar hukumarta a 1996, ma'aikata masu albashi suka ƙaru, ga ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta Kankiya da ke sayen komai da tsabar kuɗi.

Da na tashi sayen shagona na farko, ɗaki guda mai rufin kwano, baffana ya hana ni biya.

"Yaro, gado ne. Magada nawa ka gani?"

Ɗaya na gani. Sai da na yi wata biyu ina bin sauran, har wata gwaggonsu da ke aure a Kusada, kafin kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa.