Likitan iyali da yaƙi da sankarar mama a Maiduguri

Sankarar mama ita ce cutar daji da ta fi kama mata a Najeriya. Alƙaluman cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan, kuma ta kashe sama da 16,000. Babban abin da ke jawo yawan mace-macen shi ne zuwa asibiti a makare, bayan cutar ta ci jiki.

Likitan iyali ƙwararre ne da aka horar domin duba kowa a gida, yaro da babba, mace da namiji. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, irin waɗannan likitoci ne ke karɓar marasa lafiya a sashen da ake fara zuwa kafin a tura mutum wurin wani ƙwararren. Saboda haka sau da yawa su ne ke fara ganin mace, ko da zazzaɓi ko hawan jini ne ya kawo ta.

Aikinsa na farko shi ne tambaya. Yakan nemi sanin ko uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yin cutar, domin wani nau'inta gado ne. Sannan ya ba da shawara kan abubuwan da ke rage haɗari: motsa jiki, rage ƙiba, guje wa barasa da taba, da shayar da jariri nono na tsawon lokaci. Sai dai kusan rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili na musamman face jinsi da shekaru, don haka babu wadda za ta saki jiki.

Na biyu shi ne gano cutar da wuri. Likita yakan koya wa mace duba kanta, ta lura da ƙullutu a mama ko hammata, ko lotsawar fata, ko shigewar kan nono ciki, ko fitar jini daga cikinsa. Yawanci ƙullutun farko ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi, wasu kuma su nufi masu maganin gargajiya. Wadda take jin nauyin likita namiji tana iya neman mace ta duba ta, ko a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya a wurin.

Na uku shi ne turawa ba tare da jinkiri ba, domin ɗaukar hoto da gwajin ɗan naman wurin. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 yana son a kammala binciken cikin kwana 60, kuma a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu.

Wannan gaggawa tana da muhimmanci a Borno, inda rikicin Boko Haram ya rusa cibiyoyin lafiya da dama a ƙauyuka, sannan ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 ta lalata na'urori a asibitin koyarwar, har da na sashen cutar daji. Akasarin ƙullutun da ke fitowa a mama ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai ke tabbatar da haka.