Tantabarun Darwin da Tushen Hujjarsa

An saba danganta ra'ayin Charles Darwin (1809–1882) kan sauyin halittu da tsibiran Galafagos, kamar a can ne abin ya faɗo masa a rana ɗaya. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Daga tafiyar shekara biyar da ya yi a jirgin ruwan Beagle, tsakanin 1831 da 1836, mako biyar kacal ya yi a tsibiran, kuma bai ma rubuta tsibirin da ya kamo yawancin ƙananan tsuntsayen nan da suka yi suna ba. Sai a 1837 John Gould, masanin tsuntsaye a Landan, ya nuna masa cewa dangin juna ne.

A ganina, ƙarfin hujjar Darwin daga gida ya fito, daga aikin haƙuri na fiye da shekara ashirin a Ingila. A 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus kan yawan jama'a, ya fahimci cewa abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa yawa, don haka duk wanda ya zo da ɗan bambancin da ya dace da muhallinsa shi zai fi barin zuriya. Ya tsara ra'ayin a rubuce a 1844, amma ya ajiye. Daga 1846 zuwa 1854 ya duƙufa kan wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo da ke manne wa duwatsu. Sannan ya koma kiwon tantabaru, ya shiga ƙungiyoyin masu kiwonsu, yana sauraron mutanen da manyan masana ba su cika kulawa da su ba. Abin da ya gani wurinsu shi ne ginshiƙin babin farko na littafinsa na 1859: tantabarun gida, duk da bambancin baki da jela da tsayuwa, daga nau'in tantabarar dutse guda suka samo asali, zaɓin masu kiwo ne ya rarrabe su. Duk makiyayin da ya taɓa ware bijimin da zai bari a garke ya san wannan aiki. Tambayar Darwin ita ce, me zai faru idan fari da yunwa da cuta ne ke yin zaɓin, tsawon dubban zuriya?

Wasiƙar wani mai nazarin halittu, Alfred Russel Wallace, ce, wadda ta iso daga tsibiran Indonisiya na yau a 1858 ɗauke da irin wannan ra'ayi, ta tilasta masa fitowa fili.

Hujjar tana da giɓi. Darwin bai san yadda ake gadon siffofi ba, kuma aikin Gregor Mendel na 1866 kan wannan batu bai samu karɓuwa ba sai a 1900. Haka nan, duk da tsananin ƙiyayyarsa ga cinikin bayi, littafinsa na 1871 na ɗauke da fifita wasu jinsunan mutane kan wasu, abin da bai kamata mai nazari ɗan Afirka ya kawar da kai gare shi ba.

Amma inda hujjar ta tsaya da ƙafarta, a asibitocinmu ake ganinta. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda hakan ya bayyana dalilin yawaitarta a yankunan da zazzaɓin ya yi katutu, har da Nijeriya. Kulorokwin kuwa, maganin zazzaɓin, ya daina aiki a wurare da yawa ne saboda ƙwayoyin cutar da suka jure masa su ne suka rayu suka hayayyafa, har ƙasashe suka koma ga haɗin magungunan atimisinin.