Labarin Magungunan Kwalba a Amurka Zamanin Mulkin Ingila

A zamanin da gaɓar Amurka ta gabas take hannun Sarkin Ingila, likita abu ne mai wuyar samu ga mutumin ƙauye. Wanda ciwo ya kama a gonarsa sai ya yi ta jiƙe-jiƙen saiwoyi, in kuwa yana da 'yan kuɗi ya aika gari a sayo masa kwalbar magani wadda jirgin ruwa ya kawo daga Landan. Waɗannan su ne aka sani da magungunan takardar Sarki.

Asalin sunan kuwa ga shi. A Ingila, in mutum ya ƙago wani abu ya kan nemi Sarki ya ba shi takarda mai hatimi, wadda ta hana kowa yin irinsa har shekara 14. Iyakar abin da takardar ta ƙunsa ke nan. Ba a kiran likita ya gwada maganin, ba a tambaya ko ya taɓa warkad da wani. Amma talaka da ya ji an ambaci sunan Sarki sai ya ɗauka Sarki ne ya shaidi maganin, masu sayarwa kuwa ba su ga dalilin da zai sa su gyara masa wannan zato ba. Har ma waɗansu da ba su taɓa samun takardar ba suka shige cikin ayarin, aka riƙa kiransu da sunan.

Ran 4 ga watan Oktoba 1708 wani mai sayad da littattafai a Boston, ana ce da shi Nicholas Boone, ya sa talla cikin jaridar Boston News-Letter, ya ce yana da Daffy's Elixir na sayarwa. Masana tarihi sun ce tallan irin wannan magani na fari ke nan a jaridun ƙasar. Babban abin da ke cikin kwalbar filasko ne da aka jiƙa a barasa, watau maganin wankin ciki. Lalle wanda ya sha zai ga aikinsa kafin gari ya waye, sai dai ba wannan aka yi masa alkawari ba. Daga nan talla ta yi ta yawa, gama sau da yawa mai buga jarida shi ne kuma mai kantin maganin, ribar gaba da baya duk tasa. Ko Benjamin Franklin, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙasar, a 1731 ya yi wa surukarsa tallan man ƙazuwa cikin jaridarsa ta Filadelfiya.

Amma wanda ya fi kowa gane sirrin cinikin shi ne Robert Turlington, wani attajirin Landan. A 1744 Sarki Joji na Biyu ya ba shi takarda a kan maganinsa Turlington's Balsam of Life, wanda ya ce ya haɗa shi da abu iri 27, cikinsu har da ƙaro mai ƙanshi irin jawul. Ya ce yana maganin tsakuwar mafitsara, da murɗar ciki, da raunin jiki, da sauran cuce-cuce masu yawan gaske. Ya kuma buga ɗan littafi cike da shaidar waɗanda aka ce sun sha sun warke, ana bayarwa tare da kwalbar. Da ciniki ya kankama sai masu jabu suka taso masa, suna tsintar kwalabensa da aka shanye suna ɗura nasu. Ya sāke siffar kwalba, suka bi shi. A 1754 ya fito da wata 'yar ƙarama mai faɗin kafaɗa da tsukakken gindi, aka zubo ta da sunansa da ambaton takardar Sarki a jikin gilashin kansa, don ko wanda bai iya karatu ba ya shaida ta da ido, ko ya shafa ya ji. Dabara ce mai kyau, sai dai ita ce ta nuna wa masu jabu abin da za su kwaikwaya.

Sa'an nan sai rigima ta tashi tsakanin Ingila da mutanen Amurka a kan haraji. Tun daga 1765 suka fara ƙaurace wa kayan Ingila, a 1775 yaƙi ya ɓarke, bai ƙare sarai ba sai 1783. Jiragen magani suka daina zuwa. A nan ne asiri ya tonu, ko da ya ke ba wanda ya kula. Masu kantin magani suka shiga tara tsofaffin kwalabe, kowa ya haɗa abin da ya ga dama gwargwadon launi da ɗanɗano, ya ɗura, ya naɗe da takarda irin ta Landan. Jama'a suka ci gaba da saye kamar dā. Ashe tun can kwalba da suna ake saye. Bayan yaƙi na ainihi suka komo, suka tarar an riga an ci kasuwarsu, don na gida ya fi araha, har masu narka gilashi na Amurka suka riƙa zuba kwalaben da kansu, da sunan Turlington da na Landan duka a jiki, alhali mai sunan ya daɗe da mutuwa.

Da a ce filasko da ƙaro kaɗai ne a ciki, da hasarar ta tsaya a aljihu. Amma waɗansu, kamar Godfrey's Cordial da Bateman's Pectoral Drops, akwai ofiyom a cikinsu, watau ƙaron nan mai sa maye da barci mai nauyi. Na farin an zaƙaƙa shi da ruwan rake, uwaye da masu reno su kan ɗura wa jariri in ya dame su da kuka, ya yi shiru. Tun da ya ke kowane kanti da nasa awo, cokalin da ya sa yaro barci jiya ya kan zama ajalinsa in an sayo kwalbar a wani kanti, uwa kuwa ba ta da hanyar sani, gama kwalba ɗaya ce, takarda ɗaya.

Wannan ruɗami shi ya sa makarantar masu haɗa magani ta Filadelfiya ta naɗa waɗansu mutanenta su bincika. Suka tattara yadda ake haɗa guda takwas daga cikin tsofaffin magungunan Ingila, suka tarar suna ɗaya amma haɗi ya sha bamban ƙwarai, suka tsai da awo guda ga kowanne suka buga a 1824. Ba su hana sayarwa ba, ba su da ikon haka. Dokar da ta tilasta wa mai magani ya rubuta a jikin kwalba in akwai ofiyom ko barasa a ciki ba ta fito a Amurka ba sai 1906, shekara 198 bayan tallan Nicholas Boone.