Daga Hatimin Malam zuwa Ajin Injiniya: Tarihin Karatun Kwamfuta da Rabon Ƙasar Ƙanƙara

Gabatarwa

Idan ɗalibi ya koma gida hutu, a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ya ce wa dattawa shi injiniyancin kwamfuta yake karantawa, sau da yawa amsar da yakan samu ita ce, "To, Allah ya taimaka, ilmin Turawa ke nan." Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi sawun wannan ilmi, a ga inda ya faro, da yadda ya iso jami'o'inmu, da kuma abin da ke tare wa yaran ƙasar Ƙanƙara hanyar kaiwa gare shi. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Tushen abin lissafi ne

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa kwamfuta ba ta da wayon kanta. Abu biyu kawai ta sani, watau akwai wuta ko babu wuta, waɗanda ake rubutawa da 1 da 0. Lamba 5 a wurinta 101 ce, 13 kuwa 1101. Duk abin da ta yi, bin umurni take yi daki-daki, kamar yadda aka tsara mata. Irin wannan tsari na warware matsala mataki bayan mataki shi ake kira algoridim, sunan kuwa ya samo asali ne daga Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, masanin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9.

Ƙasar Katsina ma tana da nata gwani a wannan fage, shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya yi karatu a nan ƙasashenmu, sa'an nan ya tafi aikin hajji, ya zauna a Misira. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, watau zanen nan mai gidaje da ake zuba wa lambobi. Misali, a hatimi mai gida tara, akan jera 1 zuwa 9 ta yadda ko ta ina aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla 15 za ta ba da. Abin lura shi ne, malamin bai tsaya ga nuna hatimi gamamme ba, sai da ya bayyana ƙa'idojin da mutum zai bi, gida bayan gida, har ya cika hatimi mai layuka mara, kamar 3 ko 5 ko 7. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira. Ba a ce Alkashinawi ya ƙera kwamfuta ba. Amma tunanin da ake koya wa ɗalibin kwamfuta a yau, na shimfiɗa ƙa'ida wadda kowa zai bi ya sami amsa ɗaya, ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina.

Yadda na'urar ta samu

Wajen 1837 wani Bature ɗan Ingila, Charles Babbage, ya tsara injin lissafi mai aiki da haƙoran ƙarfe, amma har ya mutu bai gama ƙera shi ba. A 1946 aka nuna wa duniya ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Nauyinta ya kai wajen tan 30, tana da ƙwayayen gilas masu kama da na tsohuwar rediyo fiye da 17,000. A 1947 aka ƙago taransista, ɗan ƙaramin makunni da ya maye gurbin waɗannan ƙwayaye. Zuwa 1971 kamfanin Intel ya iya cusa taransista 2,300 a kan ɗan ɓallin da bai kai farce ba. Daga nan na'urar da da take cika zaure ta yi ta ƙanƙancewa har ta shiga aljihu.

Shigowarta Nijeriya

A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyar da aikin kwamfuta a Jami'ar Ibadan. A Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita ta yi gaba. A can ma daga Sashen Lissafi abin ya tsiro, shi ya sa cibiyar kwamfuta ta jami'ar take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A wancan zamani ɗalibi ba ya zama gaban na'ura. Umurninsa yakan huda a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikata, ya dawo daga baya ya karɓi sakamako a takarda. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya sake bin layi.

Sannu a hankali ilmin ya rabu biyu. Masu kimiyyar kwamfuta suka fi mai da hankali ga tsara umurni, injiniyoyi kuwa, waɗanda suka fito daga tsatson injiniyancin lantarki, suka haɗa da ƙirar na'urar kanta. Karatunsu shekara biyar ne. Akan fara da lissafi da fiziks da kemistiri, a shiga zane da aikin hannu a ɗakin ƙira, sa'an nan hanyoyin lantarki, da ƙwaƙwalwar na'ura, da yadda na'urori ke magana da juna. A shekara ta huɗu akan tafi koyon aiki a ma'aikata na wajen wata shida, bisa shirin SIWES da aka fara a 1973. A ta ƙarshe kowa ya ƙera wani abu da hannunsa, ya kare shi gaban malamai.

Ƙofar shiga

To, ta ina yaron Ƙanƙara zai shiga wannan aji? Ƙofa ɗaya ce, watau sakandare mai koyar da kimiyya sosai, domin sai da kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri ake ɗaukar mutum. Magabata sun gane haka. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma makarantar kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara irin wannan buri aka ɗora mata. Tun daga 2015 kuma jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yinta, saboda haka yaron ƙauye da bai taɓa dafa na'urar ba yana shiga ɗakin jarrabawa da kaya biyu a kansa.

Wannan ƙofa ce aka kai wa hari. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji. Ranar 17 ga watan aka sako 344. Gwamnatin Jihar Katsina ta rufe makarantun kwana a lokacin. A Satumba 2021 kuma, don a toshe wa ɓarayin daji hanyar sadarwa, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. Shekara 20 ke nan daidai bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001. Ɗalibin da ke gida a lokacin, in yana son duba sakamako ko cika fom, sai ya yi tafiya zuwa garin da ke da sabis.

Kammalawa

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Ruwanmu ya yi tsaki kuwa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigar cikin rubutun boko a shekarun 1930, ba su hau na'ura da kansu ba, sai da masana suka ba kowanne lambarsa a tsarin Unicode. Na'urar da za ta ji Hausar Faskari ta rubuta ta daidai, wanda ya sha harshen a nono shi zai fi sanin inda ta kauce. In yaran wannan yanki ba su kai ajin injiniya ba, wasu ne za su yanke mana yadda harshenmu zai zauna a cikin na'ura.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ƙungiyoyin ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in an tafi hutu a tara ƙanne a koya musu lissafi, a bar su su taɓa kwamfutar da muka zo da ita. Malamanmu kuma su taimaka a samar da kalmomin wannan ilmi da Hausa. Hukuma kuwa, babban abin da ke wuyanta shi ne tsaron makaranta, don uba ba zai tura ɗansa inda ba shi da tabbacin zai kwana lafiya ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa ƙasar da ta haifi Alkashinawi ta sake haifar irinsa, amin.