Faifan garmaho ko na zamani: Wanne ya fi daɗin sauti?

Da yawa daga cikin masu sha'awar waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos na cewa amon da suka saba ji a faifan garmaho ya fi wanda ake ji yau a wayoyin salula.

A shekarun 1970 kamfanoni irin su EMI sun buga waƙoƙin makaɗan Hausa a faifai, kafin kaset ya karɓe kasuwa. Yanzu kuwa, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har zuwa garuruwa irin su Bebeji, Ƙiru da Tudun Wada, a katin memori ake tura wa mutane waɗannan waƙoƙi.

Yadda suke aiki

Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da dogon faifan roba a 1948. Ana zana sautin ne a wani siririn layi da ke kewaya faifan, allura kuma ta bi layin tana karkarwa, a mayar da karkarwar zuwa amo.

Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ya adana shi a matsayin lambobi. Wannan ya isa ya ɗauke duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji.

Abin da awo ya nuna

Idan aka bi ma'aunin injiniyoyi, CD ne a gaba. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi laushi da mafi ƙarfi a CD ta kai desibel 96, yayin da faifan garmaho ba ya cika wuce 70.

Haka kuma allura na cin faifai a duk lokacin da aka kunna shi, ƙurar hunturu na sa shi ƙarar ƙas-ƙas, zafin bazara kuma na iya lanƙwasa shi.

Sai dai 'yar murɗiyar da allura ke yi wa sauti na sa wasu su ji shi da taushi a kunne. Ban da haka, daga shekarun 1990 kamfanoni sun riƙa matse sautin CD don ya yi ƙara, abin da ke dushe bambancin da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai sanyi.

Masu ƙaunar garmaho ba su ƙare ba. A 2022 an sayar da faifansa fiye da na CD a Amurka, karon farko tun 1987.

Inda gizo ke saƙa

Akasarin abin da ake saurare a waya MP3 ne, tsarin da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa. Yana zubar da wani ɓangare na sauti don ya rage nauyi, har waƙa ta koma kusan kashi ɗaya cikin 11 na girmanta a CD.

Bugu mai kaifi, irin na kalangu ko kuntigi, na daga cikin abin da wannan matsi ya fi taɓawa.

Sau da yawa kuma waƙar ta taso ne daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, sannan ta shiga kwamfuta. A kowane zango sai ta rasa wani abu. Ke nan mai sauraro na gwada faifan asali ne da kwafin kwafi.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya kuma a 2015, don haka ba za a sake ɗaukar muryoyinsu ba. Hanyar ceto ita ce a nemo faya-fayan asali da ke gidajen rediyo da hannun jama'a, a wanke su, a kwafe su ba tare da matsi ba, tun kafin zafi da ƙura su gama da su.